Takunkumi da Ɓarauniyar Hanya: Daga Goron Salaga Zuwa Tirelolin Kulungugu

Duk ranar da wata hukuma ta ce kaya kaza kada su shiga ƙasa kaza, a ranar wani ɗan kasuwa zai fara lissafin ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Kayan ba za su nufi inda aka hana kai tsaye ba. Za su sauka a maƙwabciya da takardu masu kyau, a biya musu haraji ko a ce wucewa kawai suke yi, a sauya sunan mai su, sannan su ƙarasa inda aka nufa da su tun farko. Wannan shi ne karkatar da kaya ta ƙasa ta uku, kuma shi ne abin da ya fi ci wa Amurka da Tarayyar Turai tuwo a ƙwarya tun da suka ƙaƙaba wa Rasha takunkumi a 2022.

Mutumin Kpandai ko Salaga ko Yendi ko Bawku zai iya cewa wannan zancen manya ne, babu ruwansa. Alhali kuwa da ruwansa tsundum. Togo na gabas da shi, Burkina Faso na arewa, hanyar Nijar ta ratsa ƙasarsa, kuma dokar hana fitar da kaya da aka yanke a Accra ko Abuja ko Wagadugu a kan buhun masararsa da takinsa da albasarsa take ƙarewa. Saboda haka ya dace mu san yadda ake karkatar da kayan, da dabarun da hukumomi ke bi don hana hakan, da wanda ke biyan kuɗin idan dabarar ba ta yi ba.

Tsohon al'amari ne a ƙasar Gwanja

Tun kafin Turawa su ja iyakoki, sarakunan Asante sun iya tsare kaya. Bindiga da albarushi daga bakin teku suke zuwa, daga hannun Turawan Elmina da Cape Coast da Accra, kuma Kumasi ta hana a wuce da su arewa, don kada Gwanja da Dagomba masu biyan ta haraji su yi ƙarfin da zai dame ta. Ta zuba masu gadi a manyan hanyoyi suna bincikar kayan matafiya. Fataken Hausa da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a Salaga suke yada zango, nan goro ke iske su. Wannan tsari ya daɗe yana aiki saboda mai dokar shi ne ke riƙe da hanya tun daga bakin teku har zuwa kasuwa.

A Fabrairun 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Gwanjawa suka yi wa Asante tawaye, aka kashe mutanenta da ke Salaga, hanyar goro ta toshe. Goro bai fasa zuwa ƙasar Hausa ba. Kasuwar ce ta tashi ta koma Kintampo, sannan bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da malamai da yawa suka yi ƙaura zuwa Kete-Krachi. Mai saye ya samu goronsa, mai sayarwa ya samu kuɗinsa, garin da aka toshe wa hanya ne ya durƙushe, kuma har yau Salaga ba ta koma yadda take a da ba.

Turawa ma sun gwada nasu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka. A 1899 Ingila da Jamus suka raba wannan yanki, kogin Daka ya zama iyaka: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Kpandai suka faɗa hannun Jamus. Daga wannan lokaci zuwa 1914, wanda ya tashi daga Salaga zuwa Kpandai ƙasar waje ya tafi. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ɓangaren Yendi da Kpandai ya shiga Ghana, iyaka ta koma gabas, tsakanin Ghana da Togo. Konkomba da Basari da Chokosi da Bimoba da Kusasi da Busanga suna nan a ɓangarorin biyu, da aure da gona da kasuwa a tsakaninsu. Duk wanda zai tsara dokar tsare kaya a nan, da wannan gaskiyar zai fara.

Yadda ake tsare kaya, da inda tsaron ke yoyo

Kusan ko'ina a duniya, tsarin kula da fitar da kaya yana tsaye a kan abubuwa biyar. Akwai jerin kayan da aka sa wa ido. Akwai lasisin da mai fitarwa zai nema kafin ya tura su. Akwai takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, wadda mai saye ke sa wa hannu yana cewa kayan nasa ne, ga aikin da zai yi da su, kuma ba zai miƙa wa wani ba sai da izini. Akwai bibiya bayan kayan sun isa. Sannan akwai hukunci ga wanda ya saɓa. Ƙasashen Yamma sun yi amfani da irin wannan tsari a kan Tarayyar Sobiyet tun daga 1949 har zuwa 1994, daga baya aka kafa yarjejeniyar Wassenaar a 1996. Ko a wancan zamanin an samu yoyo: a 1987 aka gano cewa wani reshen kamfanin Toshiba na Japan da kamfanin Kongsberg na Norway sun sayar wa Sobiyet injunan da ke sassaƙa farfelar jirgin ƙarƙashin teku.

Raunin tsarin yana cikin takardar nan ta uku, domin darajarta daidai take da amanar wanda ya sa hannu. Misali mafi ɗaci a yankinmu ya faru. A watan Maris na 1999 wani jirgi ya sauke tan 68 na makamai daga Yukren a Wagadugu, da takardar da ke nuna cewa na sojojin Burkina Faso ne. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na Disambar 2000 cewa an kwashe makaman zuwa Laberiya, wadda ke ƙarƙashin takunkumin makamai, a lokacin da gwamnatin Charles Taylor ke mara wa 'yan tawayen Saliyo baya. A watan Maris na shekarar 2000 kuma rahoton Robert Fowler kan Angola ya ambaci Burkina Faso da Togo a cikin ƙasashen da 'yan tawayen UNITA ke bi su samu makamai. A takardar ta Wagadugu hatimin gaske ne, sa hannun gaske ne, ƙarya tana cikin niyya. Mutanen da aka kashe da waɗannan bindigogi ba su taɓa ganin takardar ba.

Darasin takunkumin Rasha

Abin da ya faru bayan Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 ya nuna girman matsalar. Kayan Turai da ke zuwa Rasha kai tsaye sun ragu ƙwarai, amma waɗanda ke zuwa Kirgistan da Armeniya da Kazakistan suka ƙaru ninki-ba-ninki, har da motoci da na'urorin da kasuwannin waɗannan ƙasashe ba za su iya shanyewa ba. Dalili a fili yake: ƙasashen uku suna cikin ƙawancen kwastam ɗaya da Rasha, kayan da suka shiga cikinsu babu shingen haraji tsakaninsu da Mosko. Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Hong Kong su ma suka zama mashiga. A Agustan 2022 cibiyar bincike ta RUSI da ke Landan ta ce ta samu aƙalla sassa 450 ƙirar ƙasashen waje a cikin nau'o'i 27 na makaman Rasha da aka tsinta a Yukren, mafi yawansu na kamfanonin Amurka.

Masu takunkumin sun mayar da martani ta hanyoyi huɗu. Na farko, Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya da Japan sun ware wani gajeren jeri, wanda ya kai nau'i 50 a Fabrairun 2024, na kayan da suka fi shiga makamai, suka ce a kan waɗannan za a fi zuba ido. Na biyu, a Yunin 2023 Tarayyar Turai ta ba kanta ikon hana sayar da wasu kaya ga ƙasar da ta zama mashiga, idan lallashi ya ƙi. Na uku, a Disambar 2023 ta wajabta wa kamfanoninta su rubuta a cikin kwangila cewa mai saye ba zai sake tura kayan Rasha ba. Na huɗu, a wannan watan na Disamba Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a dokar da ke barazanar yanke duk bankin waje da ya taimaka wa masana'antar yaƙin Rasha daga hulɗa da dala. Wannan na ƙarshe ya fi cizo, domin bankunan Turkiyya da Dubai da Sin sun shiga jan ƙafa wajen karɓar kuɗin cinikin Rasha.

Duk da haka kayan ba su daina isa ba. Abin da aka cimma shi ne ƙara musu tsada da jinkiri. Laifin kuma bai tsaya a kan ƙasashe na uku kaɗai ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ya ga odar wata ƙaramar ƙasa ta ninka sau da yawa cikin shekara guda, ya karɓi kuɗi bai yi tambaya ba, ya san inda kayansa za su. Ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya kuma suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: takunkumin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wajibi ne a kan kowa, amma wanda Amurka ko Turai suka sa don kansu bai zama doka a Accra ko Abuja ba. Sai dai ɗan kasuwar da ke biya da dala ko yuro, ko yake sayen kaya daga Turai, zai ji zafin dokar ko da ƙasarsa ba ta sa hannu ba.

Lokacin da Ghana ta zama ƙasa ta uku

Ghana ta ɗanɗana abin da ke samun ƙasar da aka zarga da zama mashiga. A Disambar 2005 Kwamitin Sulhu ya haramta sayen lu'ulu'un Kodebuwa, saboda ma'adinan yankin Seguela suna hannun 'yan tawayen arewa. A 2006 ƙwararrun Majalisar suka ce ana shigo da duwatsun Ghana, a haɗa su da na gida, su fita da takardar Ghana. Taron tsarin Kimberley, mai sa ido kan cinikin lu'ulu'u, da aka yi a Gaborone a Nuwambar wannan shekara ya ɗora wa Ghana sharuɗɗa, fitar da lu'ulu'u ya tsaya na wani lokaci, aka shiga rajistar masu haƙa da masu saye. Waɗanda suka fi shan wahala su ne ƙananan masu haƙa da dillalan Akwatia, waɗanda akasarinsu ba su taɓa ganin dutsen Seguela ba.

Wannan ya shafi manomin Kpandai kai tsaye. Doyar da yake lodawa zuwa kasuwar Konkomba ta Accra, wani kaso nata kwali ake sa shi ya tafi Turai da Amurka, domin Ghana na cikin manyan masu fitar da doya a duniya. Ƙasar da sunanta ya ɓaci a wurin kwastam da bankunan waje, kowace kwantenarta sai an tsare an bincika, kowane kuɗinta sai an jinkirta. Kwantenar ƙarfe za ta jure jira a tashar jirgi, doya kuwa ruɓewa take yi.

Nijar a 2023: takunkumin da ya haɗa da abinci

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja ranar 30 ga watan suka rufe iyakoki da Nijar, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi. Najeriya ta yanke wutar lantarki, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi. A takunkumin da aka sa wa Mali a Accra ranar 9 ga Janairun 2022 an ware abinci da magani da mai da lantarki. A na Nijar ba a ware ba. Tireloli suka yi layi a Malanville, bakin iyakar Nijar a hanyar Kwatano, har da na kayan agaji.

Burkina Faso da Mali suka ƙi rufe nasu iyakokin, kamar yadda Gini ta ƙi rufe wa Mali a 2022. Cikin makonni kaɗan, a watan Agusta, ayarin tireloli kusan 300 ya isa Yamai daga Burkina Faso da rakiyar sojoji. Hanyar Lome zuwa Sinkase, ta wuce Kaya da Dori zuwa Tera, ta zama jijiyar Nijar, duk da tsawonta da haɗarin 'yan bindiga. Tsakanin Malanville da Gaya kwale-kwale suka maye gurbin gada. A iyakar Najeriya, daga Illela zuwa Jibiya da Maigatari, 'yan fito da babura suka ci kasuwa. Sojojin da aka nufa da matsin ba su sauka ba. Farashin shinkafa da magani ya tashi a Yamai da Maraɗi. Albasar Galmi ta maƙale a hanya, farashinta ya haura a Kumasi da Adjen Kotoku, inda 'yan albasar Accra suka koma tun 2021. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar.

Abin lura a nan shi ne takunkumin da maƙwabta ba su yarda da shi ba, ba ya rufuwa. Wanda kuma ya haɗa da abinci da magani yana sa jama'a su ɗauki mai fasa-ƙwauri a matsayin mai ceto. Da zarar an kai nan, babu wanda zai tona asirin mai ɗauke da kaya, ko da a ƙarƙashin buhunan shinkafarsa akwai abin da ya fi shinkafa haɗari.

Daga Tema zuwa Kulungugu

A dubi tirela guda mai ɗauke da kayan wucewa zuwa Nijar. A tashar Tema wakilin mai kaya zai shigar da bayani a tsarin kwamfuta na ICUMS, wanda kwastam ɗin Ghana ke aiki da shi tun 2020. Ba za a biya harajin shigo da kaya ba, tunda ba a Ghana za a sayar ba, amma sai an ajiye lamunin inshora da zai biya harajin idan kayan suka ɓace a hanya. A ɗaure kwantena da hatimi mai lamba, a maƙala na'urar da ke nuna inda motar take, a rubuta hanyar da za ta bi da kwanakin da aka ba ta. Direba ya kama hanyar Kumasi da Techiman da Kintampo da Tamale da Bolgatanga, daga nan ko ya miƙe Paga, ko ya karya gabas ta Bawku zuwa Kulungugu, ya shiga Bittou. A bakin iyaka jami'i zai duba hatimi, ya tabbatar kaya sun fita, sannan a saki lamunin.

A kowace gaɓa akwai inda ake cin amana. Ana sauke kaya a wani sito a tsakiyar ƙasa, na'urar ta ƙarasa iyaka a cikin wata motar. Ana rubuta kaya masu arha a takarda alhali masu tsada ne a ciki. Ana fita da kaya da gaske, sannan su dawo kaɗan-kaɗan ta ɓarauniyar hanya. Wannan na ƙarshe shi ne abin da Maraɗi ta shahara da shi shekaru da yawa: shinkafa da atamfa da taba su sauka a Kwatano da sunan Nijar, su kwana a sito, su gangara Katsina da Kano. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta kuma hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shinkafa ta yi tsada, mazauna garuruwan iyaka suka rasa man da za su zuba a injin ban ruwa, motocin 'yan kasuwar Ghana suka maƙale a Seme, fasa-ƙwauri kuma bai mutu ba.

Taki ma haka. Shirin noma na gwamnatin Ghana da aka ƙaddamar a 2017 ya rage rabin kuɗin takin zamani. Buhun da manomin Garu ko Zebilla zai saya da rabin kuɗi, a ƙetaren iyaka cikakken kuɗinsa yake, kuma da sefa za a biya. Sai buhunan, da tambarin shirin a jikinsu, suka riƙa tsallakawa a amalanken jaki da babur da motokin. An kama wasu, an sauya buhu, an ƙara jami'ai, amma tazarar farashin ta fi ƙarfin shinge. A Agustan 2023 gwamnati ta jingine rangwamen ta koma ba da kayan noma bashi. Shekara guda bayan haka, da fari ya afka wa arewa, Ministan Noma na lokacin, Bryan Acheampong, ya sanar da hana fitar da masara da shinkafa da waken suya a Agustan 2024. Burkina Faso tana da irin wannan doka a kan hatsinta, Nijar ta yi tata a Oktoban 2024, ta ware Mali da Burkina kaɗai. Kowace gwamnati tana da hujjar kare cikin jama'arta. Amma manomin waken suya na Yendi ko Saboba da aka raba da mai sayensa, shi aka sa ya biya kuɗin wannan kariya.

Kayan da lalle sai an tsare

Kada wannan ya sa a ce duk tsare kaya aikin banza ne. Akwai kayan da sakacinsu jini ne. Masu bincike sun sha nuna cewa nakiyoyin haƙar ma'adinai da wayoyin tayar da su, da mai, da babura, suna fita daga ƙasashen bakin teku, har da Ghana, su ƙare a hannun masu ɗauke da makamai a Burkina Faso da Mali, shanun da aka sace a can kuma su gangaro kasuwannin kudu. Bawku, wadda rikicin sarauta ya daɗe yana ci, ta san abin da bindiga ɗaya ke yi wa unguwa. Ghana tana cikin yarjejeniyar ECOWAS ta ƙananan makamai ta 2006, da yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya da ta fara aiki a Disambar 2014, wadda ta ware sashe guda kan hana karkatarwa. A Najeriya ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke ba da takardar mai amfani na ƙarshe ga irin waɗannan kaya. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙirga abin da ya fita daga sito, da zuwa a gani da ido ko ya isa inda aka ce.

Jami'an da ke Kulungugu da Pulmakom da Mognori da Tatale ba su da yawa, iyakar kuma doguwa ce, kogin Oti da rani ana tsallaka shi a wurare da dama. Jami'in da aka sa ya kwana yana farautar matar da ta ɗauko kwano goma na masara zuwa Sinkase, ba shi da lokacin buɗe motar da ke ɗauke da kwalin nakiya.

Abin da ya kamata a yi

Daga Kumasi ta ƙarni na 19 zuwa Tarayyar Turai ta yau, tsare kaya yana aiki ne idan an cika wasu sharuɗɗa. Jerin ya zama gajere, a kan kayan da ke kashe mutane. Abinci da magani su fita daga kowane takunkumi tun ranar farko, a rubuce. Maƙwabta su yarda, su kuma riƙa musayar bayani, ta yadda abin da Tema ta rubuta ya fita, Bittou za ta tabbatar ya shigo. ECOWAS ta fara irin wannan haɗin kwamfutocin kwastam a 2019 da tsarin SIGMAT, kuma ficewar ƙasashen Sahel ba dalili ba ne na barin sa ya mutu, domin tirelolin ba su daina tafiya ba. Hukunci ya hau kan mai sito da mai kuɗi da jami'in da ya buga hatimin ƙarya, kada ya tsaya a kan yaron mota. Inda kuma tazarar farashi ce ke jan kaya, a gyara farashin ko yadda ake ba da tallafin, domin shinge bai taɓa cin nasara a kan riba mai yawa ba.

Mu ma muna da namu aikin. Fataucin Hausa ya yi ƙarnuka yana tafiya daga Kano zuwa Gwanja babu banki babu inshora, saboda akwai mai gida a kowane zango. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye kayansa, ya san daga inda ya fito, ya san wanda zai saya, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Baƙon da ya ci amana, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba. Abin da bankunan duniya ke nema a yau da tulin takardu, wato sanin wanda kake ciniki da shi, shi ne abin da kakanninmu ke yi da baki da mutunci. Alamomin haɗari ba su sauya ba: baƙon da ba ya ciniki a kan farashi, wanda ke biyan ninkin kuɗin mota don kada a buɗe kaya, wanda ke sauya wurin saukewa bayan an kama hanya, wanda ke son a rubuta sunanka a takarda maimakon nasa.

Don haka kira nake ga sarakunan zango, da shugabannin direbobi, da dillalai, da masu sito, da wakilan fitar da kaya, daga Kpandai har Bawku. Alhaji, kada ka ba da aron sunanka ko lasisinka ga kayan da ba ka gani ba. Direba, ka tsaya a loda motarka a gabanka, ka san abin da ke ƙarƙashin tamfol. Malamai su faɗa a kan mumbari cewa la'adar da aka ci a kan nakiya ko harsashi haram ce, ko da ba a san wanda za a kashe da su ba. Ga hukumomin Accra da Abuja da Yamai da Wagadugu kuma, ku sakar wa talaka hanyar hatsinsa da albasarsa da maganinsa, ku tattara ƙarfinku a kan makamai da abin da ake haɗa su da shi. Idan kuka yi haka, mutanen iyaka da kansu za su taya ku gadi.